Baba Buwai da Motar da Ta Sha Man Gyaɗa

Kafin rana ta leƙo ta saman rumbunan Unguwar Ɗinya, Baba Buwai ya riga ya ɗebo ruwansa. Bokiti biyu yake cikawa, kuma duk wanda ya taɓa tambayarsa dalili ya san ya jawo wa kansa dogon zama. Ɗaya na sabulu ne, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kada ƙasar da ka kwashe daga jikin mota ka sake mayar mata da ita ka karce ta. Ruwan ma sai ya tace shi da ƙyalle, kamar mai shirin dama koko. Daga nan ya jera tsummokaransa a kan igiya, kowanne da aikinsa: na gilashi daban, na jiki daban, na taya kuwa an yi masa ƙulli a gefe don kada ya saje da 'yan'uwansa. Sai ya cire agogo, ya cire zoben aurensa ya jefa a aljihu, ya juya kan bel ɗinsa zuwa baya. Ya yi gajeriyar addu'arsa a tsaye, ya ce amin, ya kama aiki.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. Ashirin da takwas a Kano, a garejin wani kamfanin sayar da motoci, sauran kuma a ƙofar gidansa, tsallaken rafi, inda 'yan'uwanmu masu zuwa coci suke zaune tun kaka da kakanni. A kakar bana ya ce ya ajiye tsumma, domin kafaɗarsa ta dama ta daina jin magana. Ba a yi masa walima ba, ba a miƙa masa takardar yabo ba. Shi ya sa na ga ya kamata in ɗauki biro tun yana da ransa, yana jin abin da ake faɗa a kansa.

Shi ba bakanike ba ne, bai taɓa kwance inji ba. Ba fenta ba ne, bai taɓa riƙe bindigar feshi ba. "Mai wankin mota" mutane suke ce masa, shi kuma ba ya musu. Amma wanda ya taɓa kai masa mota ya san wanki ma iri-iri ne. Aikinsa shi ne ya dawo wa mota da fuskarta ta asali: fentin da ya dushe, fitilar da ta yi hazo, kujerar da ta sha gumi da miyar yara.

Direbobin da ke dakon hatsi zuwa Dawanau har yau suna ba da labarin wani babban dillali da ya zo da sabuwar motarsa da tsakar rana, ya ce a wanke masa yanzu-yanzu. Baba Buwai ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet, ya janye, ya jawo masa benci.

"Alhaji, zauna ka sha ruwa. Ƙarfen nan zazzaɓi yake yi. In na zuba masa sabulu yanzu, tabon zai bi ka har ranar da za ka sayar da ita."

Mutumin ya yi faɗa, ya ja motarsa ya kai wa masu wanki na bakin titi. Bayan sati biyu sai ga shi da sassafe, bonet duk ɗige-ɗige, ya nemi bencin nan ya zauna ba tare da an ce masa bismillah ba.

Sakinatu ungozoma, wadda ke aiki a ƙaramin asibitinmu, ita ta ba ni labarin motar ɗaukar marasa lafiya. Duk Asabar yake zuwa ya wanke ta, ba wanda ya sa shi. Abin da ya ba ta mamaki, ya fi daɗewa a kan rufin motar ta ciki, yana bin kowane lungu da tsohon buroshin haƙori. Da ta tambaye shi wa zai duba can, sai ya ce, "Wanda aka kwantar a rigingine, me yake gani in ban da rufin? Yana cikin wahala, kada kuma abin da zai kalla ya zama datti."

Kai ne wannan, Baba. Kai ne mai hannun auduga, wanda yake gyara inda ba mai dubawa. Mun daɗe muna wuce ka kana durƙushe a gindin taya, mu ce sannu da aiki mu yi gaba, ba mu san ko da wa muke gaisawa ba.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne aikinsa na ƙarshe, wato Barkono.

Marigayi Alhaji Zubair ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, mutum mai sanyin hali a komai, in ban da a kan sitiyari. Shekara talatin da suka wuce ya sayo wata Pijo 505 daga Kwatano, irin wadda ake ce wa GTI, mai gudun tsiya, ja wur. Mutanen gari suka sa mata suna Barkono. Ana cewa in ya sayi tsire a Dawanau, da zafinsa yake isowa gida. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani: ba ya danna hon a ƙofar gidansa, yana cewa rashin kunya ne mutum ya yi wa iyalinsa ihu. Sai dai ya fito da hannu ta taga, ya ƙwanƙwasa gefen rufin motar da zoben azurfarsa sau uku. Matarsa Hajiya Kaltume ko tana tsakiyar tuya tana jin wannan ƙarar, sai ta taso da ruwan sha, ta sa a buɗe ƙyaure.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, kuma a kan gadonsa ya cika, ba a kan titi ba kamar yadda aka yi ta yi masa tsoro. Da aka raba gado, motar ta faɗa a rabon ɗansu na fari, Ikrima, wanda yake koyarwa a Dawakin Tofa. Shi kuwa ya ga yadda mahaifiyarsa take kallonta, sai ya bar ta inda take, a tsakar gida kusa da rumbu. Aka rufa mata tamfol. Rana ta cinye rabinsa, awaki suka ƙarasa sauran.

Hajiya Kaltume sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A iliminta, wanda ta gada wurin uwarta, duk abin da ya bushe mai yake nema. Turmi in ya fara tsagewa, mai. Sabuwar ƙwarya, mai. Takalmin fata, ƙyauren katako, ƙafar da ta yi faso, duk mai. Da ta ga jan motar ya fara dusashewa, me kuke tsammani za ta yi? Ranar wata Juma'a da hantsi ta ɗebo man da ta matse da hannunta, na farkon matsa, mai kyau, ta bi jikin motar da shi. Motar kuwa ta yi ƙyalli har yamma. Kafin wata Juma'ar, ƙaiƙayin sussuka da ƙasa da hayaƙin murhu sun manne, ƙyallin ya tafi. Sai ta ƙara wani man. Haka ta yi ta yi, Juma'a bayan Juma'a, ba fashi sai in tana kwance ba lafiya.

Shekara ta bi shekara, Barkono ta yi wani baƙin ɓawo mai danƙo, kamar bayan kaskon tuya. Sunanta ma ya canza, aka koma ce mata Kasko. Matan da ke shiga sayen ƙuli suna tsokana: "Hajiya, yaushe za a soya ta mu zo ci?" Ita ma ta yi dariya ta ce su jira ta nuna. Ni kaina na yi wannan dariyar, ba zan ɓoye ba, kuma yanzu ina jin kunyarta.

Dariyar ta ƙare ne a bazarar bana. Ikrima ya samu ɗan sarari, ya ce bari ya raya motar mahaifinsa, ya ɗauko wani fenta daga birni. Mutumin ya zagaya ta sau ɗaya, ya dangwala yatsa, ya shinshina, ya ɗaga murya kamar yana kasuwa.

"Wa ya yi wannan aika-aikar? Ai man ya cinye fentin tas, ya shiga har ƙarfe. Malam, wannan ta mutu. Wanda ya shafa mata man nan shi ya kashe ta. Ka kira 'yan gwangwan su yanka kawai."

Hajiya Kaltume tana bayan zana, ta ji komai. Daga ranar ba ta ƙara shafa mai ba, ba ta ƙara bi ta wajen rumbun ba, tuyar ma ta ajiye. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Abin da take ta maimaitawa ɗaya ne: "Abu guda ya bari da yake so, da hannuna na kashe shi." Ikrima ya rasa yadda zai yi. A ganinsa, muddin motar tana tsakar gida, uwarsa ba za ta daina kuka ba. Sai ya yi magana da masu yanka tsofaffin motoci da wuta, suka sa ranar Laraba.

Sakinatu ce ta kai wa Baba Buwai labari, bayan ta auna jinin Hajiya ta ga ya hau. Ran Lahadi yana fitowa daga coci, ko gida bai biya ba, ya tsallako rafi da rigarsa ta ado. Ya tarar da Ikrima a zaure.

"A'a, Baba, kai ne da kanka? Ai da ka aiko na zo. Sannu da zuwa."

"Yauwa, Ikrima. Ya mai jiki? Na ji an ce za ka ba masu wuta motar babanka."

"Wallahi Baba ba son raina ba ne. Inna ta ƙi ci ta ƙi sha. Gara a ɗauke ta daga idonta, ko ta samu ta manta."

"In an yanka ta, maganar mutumin nan ta tabbata ke nan har abada. Da ita Hajiya za ta kwana, da ita za ta tashi. Ka ara min wuri kamar tafin hannuna a jikin motar, da kwana biyu. In na buɗe na tarar da gawa, ni zan taya su turawa."

Daga baya ya faɗa min cewa akwai laifin da yake ɗauke da shi. Ya daɗe da sanin ana shafa man. Sau ɗaya ma ya gani da idonsa, lokacin da ya shiga gaisuwar salla. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga fuskarta yayin da take shafawa, ya kasa. "Na ce a raina, wane ni in shiga tsakanin mace da makokinta? Na yi shiru, shirun nan kuwa bai yi mata amfani ba."

Litinin da sassafe ya zo da bokitansa biyu. Ya duba motar sama da ƙasa, ya zaɓi tsakiyar rufi, domin nan ne ɓawon ya fi sirara, zai fi saurin kai wa ga fenti. Ya hau kan turmi, ya jiƙa, ya goge a hankali. Hantsi bai yi ba ya kai ga fentin. Abin da ya tarar babu daɗi: fentin ya ƙone, ya koma fari-fari, yana bin tsumma kamar alli. Ja ko na magani babu.

Ikrima ya leƙa, ya sauke numfashi. "Ka gani ko, Baba? Ka sha wahalar banza."

Hajiya Kaltume tana tsaye daga bakin ɗakinta. Ba ta tambaya ba, fuskokinsu sun ba ta amsa. Ta saki labule.

Baba Buwai ya koma gida ya kasa cin tuwo. Da la'asar ya ɗauki manjagara ya tafi sharar gona, don damina ta matso. Yana tara kara yana juya abin a ransa. Shi dai ya san aikin rana in ya gan shi, kuma abin da ya gani a rufin nan ƙunar rana ce, ba ɓarnar mai ba. To, me ya sa ɓawon ya yi sirara a can, alhali a ƙofofi ya kai kaurin fatar sa? Nan ya tsaya cak da manjagara a hannu. Ya ce da ba don kada a ce tsoho ya zare ba, da a guje zai koma.

Talata, saura kwana ɗaya, ya yi sallama ya ce a kira masa Hajiya. Da ƙyar ta fito, ta rame, mayafi har goshi.

"Hajiya, don Allah zo ki nuna min yadda kike shafawa."

Ta kira shi da sunan 'yarsa kamar yadda ta saba: "Haba Baban Loveth. Kai ma dariyar ka zo yi min, da girmanka?"

"Ni da na ƙare rayuwata ina yi wa ƙarfe wanka, wa zan yi wa dariya? Miƙa hannunki kawai, in ga inda yake kaiwa."

Ta matso tana jan ƙafa. Ta yi ɗage, ta miƙa hannu saman rufin. Hajiya Kaltume gajeriya ce, yatsunta ba su wuce taƙi ɗaya daga gefe ba.

"Nan ne iyakata. Allah bai ba ni tsawo ba. Shi ma mai gidan kullum da abin da yake tsokanata ke nan."

"To, alhamdu lillahi," in ji Baba Buwai. "Zauna nan, kada ki tafi."

Ya durƙusa a gaban ƙofar direba, inda ɓawon ya fi ko'ina kauri, inda kowane mai hankali zai ce nan ne ɓarnar ta fi yawa. Ya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi da sabulu da ɗan ɗigon kananzir, ya manna a wurin, ya jira. Ya ɗaga, ya sa wani ɓallen ƙwarya da ya goge bakinsa ya yi sumul, ya kankare abin da ya yi laushi. Ya sake mannawa, ya sake jira. Bai yi gaggawa ba, bai danna ba. Baƙi ya tafi, ruwan ƙasa ya fito. Ruwan ƙasa ya tafi, wani rawaya-rawaya mai danƙo ya fito. A karo na tara ya ɗauko tsumma mai tsabta, ya shafa sau ɗaya, ya ja da baya.

Ja ne. Ja wur, mai zurfi, irin wanda yaran garin nan na yanzu ba su taɓa gani a jikin motar ba. Wuri ne da bai fi tafin hannu ba, a tsakiyar baƙin ɓawo, amma har fuskar mutum ana gani a ciki.

"Hajiya," ya ce, "inda hannunki bai kai ba, rana ta kashe. Inda hannunki ya kai, ga shi nan da ransa. Babu tsatsa ko ɗigo. Abin da tamfol ya kasa yi, ke kika yi shi shekara goma sha ɗaya. Ba ki kashe ta ba. Rufa mata asiri kika yi."

Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta juya wajen Ikrima, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, ta ce, "Kai, wannan, ka ji abin da ya ce?" Sai kuka ya ƙwace mata, amma ba irin na kwanakin baya ba. Sakinatu ta ce a ranar ta cinye kwanon tuwo har ta nemi ƙari. Laraba da masu yanka suka zo da tukunyar gas ɗinsu, Ikrima ya ba su haƙuri da ƙwaryar fura, suka juya.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya juye wa motarsa man gyaɗa. Baba Buwai da kansa ya ce in ja kunne. Man ya lalata robobin gilashi duka, ya toshe hanyoyin ruwa, ya tara tururuwa, kuma cire shi ya ci masa wata biyar da kafaɗa guda. Sa'a aka yi, da kuma hannun da bai gaji ba.

Wata biyar ɗin nan, duk wanda ya shiga gidan ya ga aiki. Ikrima ya kafa rumfar kwano a kan motar kafin ruwan farko. Baba Buwai yana zuwa bayan fitowar rana, ya yi awa uku, ya wuce gonarsa. Taƙi-taƙi ya bi jikin motar da ɓallen ƙwaryarsa. Haruffan da ke bayan but ya bi su da tsinken sakace da auduga. Ramukan iska na gaban mota ya share su da gashin kaza. Ya ciro kujeru ya wanke, ya shanya a inuwa, ya fitar da sheƙar ɓeraye da buhun ɓawon gyaɗa daga ƙarƙashinsu. Fitilu ya goge su har suka daina hazo, wili huɗu ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma. Bayan an gama cire ɓawo, ya bi fentin da folish da hannu, ba da inji ba, yana cewa tsohon fenti siriri ne, inji ba shi da tausayi. Inji da birki kuwa ya ce ba huruminsa ba ne, aka kira bakanike daga Kunci.

A wata na uku kafaɗar ta fara ciwo. Sakinatu ta ce ya dakata, ya ce to, washegari aka gan shi yana gogewa da hagu. Hajiya Kaltume ta koma tuyarta, kullum sai ta aiko masa da ƙuli mai zafi, shi kuma ya ce a gaya mata ya gode, amma ta riƙe man a wajenta. Ta ce a gaya masa tsoho da baki.

Kai ne, Baba, ka san kafaɗar ba za ta dawo ba, ka ci gaba. Ba motarka ba ce, ba danginka ba ne, ba ma wurin ibada ɗaya kuke zuwa ba. Maƙwabciya ka gani an ɗora mata laifin da ba nata ba, ka ce ba za ka ajiye tsumma ba sai ka sauke mata shi.

Akwai wani abu da ya tarar wanda bai gaya wa kowa ba a lokacin. Da ya kai gefen rufi, daidai saman tagar direba, ya ɗaga ɓawon sai ga wasu 'yan ƙananan tabo a cunkushe wuri guda, duka ba su fi faɗin babban yatsa ba. Minti goma sun ishe shi ya shafe su. Har ya ɗebo folish, sai ya tsaya. Ya gane sawun zoben Alhaji Zubair ne, na shekara goma sha tara na dawowa gida. Ya wanke wurin a hankali, ya bar shi yadda yake.

Tsakiyar rufin da rana ta ƙone, dole sai fenti. Ikrima ya kawo wani fenta daban, mai hankali. Baba Buwai ya rufe duk sauran motar da jarida da salatif, ya tsaya a kansa kamar mai gadin gona. Fentan ya hango tabon nan ya ce, "Baba, ga wani aibu ka manta, bari in bi ta kansa."

"Taɓa ko'ina, ban da nan. Mai motar ne ya ajiye shi."

Ranar wata Juma'a bayan an yanke gero, da hantsi, aka ce an gama. Ba a gayyaci kowa ba, amma gidan ya cika, har da matan da suka yi ta tambayar yaushe za a soya. Ikrima ya janye zanen da aka rufa. Sai guɗa ta tashi. Barkono ce, ita ɗin dai, kamar yau ta iso daga Kwatano.

Hajiya Kaltume ba ta yi guɗa ba. Ta zagaya motar a hankali, ba ta taɓa ko'ina ba, har ta zo ƙofar direba. Ta yi ɗage kamar yadda ta saba, ta kai hannu gefen rufin. Shekara goma sha ɗaya tana shafa wurin, ɓawo ya hana ta jin komai. Yanzu yatsunta suka faɗa a kan tabon. Ta tsaya. Ta sake shafawa. Ta juyo ta dubi Baba Buwai, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana gyara tsummansa. Sai ta lanƙwasa yatsa, ta ƙwanƙwasa rufin sau uku, ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Ban ga wanda idonsa ya bushe a gidan nan ba, har da ni.

Sai Baba Buwai ya matso. Ya kwance ƙullin da ya zo da shi, ya miƙa mata gwangwanin kakin goge mota da sabon tsumma mai laushi. "Juma'a taki ce har yanzu, Hajiya. Wannan ne man da ya dace da ita. Kaɗan ake ɗiba, ba kamar na tuya ba." Sannan ya jawo wani ɗan benci da ya sa kafinta ya yi, mai faɗin ƙafa, mai madafa a gefe, ya ajiye a gindin motar.

"Wannan kuma fa?" ta ce, tana share hawaye.

"Don hannunki ya kai tsakiya."

Baba Buwai, mun gode. Mun gode da motocinmu, amma godiyar ta fi yawa a kan abin da ka koya mana ba da baki ba. Mutum ya zo daga birni ya kalli abu sau ɗaya ya ce ya mutu, mu kuma muka yarda, don mun riga mun yi shekaru muna dariya. Kai kaɗai ka ce a ba ka wuri kamar tafin hannu ka duba. Da ka duba ka ga ba daɗi, ba ka tafi ba, ka dawo ka duba wani wurin. Allah Ya ba kafaɗarka sauƙi, Ya sa ka ci gajiyar hannunka, Ya albarkaci zuriyarka.

Ku kuma matasanmu masu wanki a bakin titi, da makanikai, da telolin gari, da malaman makaranta, da duk wanda aka damƙa wa abin wani a hannu, Baba yana nan da ransa a tsallaken rafi, bencinsa na nan, kuma bayanin bokiti biyu bai ƙare ba. Ku je ku zauna ku saurara. Kafin ku ce abu ya mutu, ko mota ce ko mutum, ku ɗaga ɓawon tukuna.

In kuma kun biyo ta Unguwar Ɗinya ranar Juma'a da hantsi, ku yi sallama a gidan marigayi Alhaji Zubair. Za ku tarar da wata gajeriyar tsohuwa a tsaye a kan benci, tana goge tsakiyar rufin wata jar mota. Yanzu hannunta yana kaiwa.